Ƙarfen Laberiya a Cinyar Haggai

A Agege, in ka tambayi gidan Haggai Bonat sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce Baba Soja mai lambu, ko mai tallan burodi a bakin titi zai nuna maka lungun. Dogo ne, baƙi, ya fara ranƙwafawa, kansa fari fat. Kullum da safe, lokacin da kwandastocin motocin haya na danfo suka fara ihun kiran fasinjan Oshodi, za ka gan shi ya bi gefen layin dogo yana jan ƙafar hagu, 'yar kujerar katako a kafaɗa, gajeriyar fartanya a hannu, ya nufi lambunsa da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ta wajen Oko-Oba. Ba mai yawan magana ba ne. In an gaishe shi yakan ɗaga fartanyar kaɗan, ya wuce.

Ba a Legas aka haife shi ba. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Zonkwa, a kudancin Kaduna, inda ake noman citta da dawa da acca. Ubansa manomi, kakansa manomi. Tun yana saurayi aka san shi a wurin gayya: in ya kama kunya da garma ba ya ɗaga kai sai ya kai ƙarshen gona, makaɗa na bin sa a baya suna kiran sunansa. Shi da kansa yakan ce bai taɓa sha'awar wani aiki a duniya ba. Abin da ya raba shi da gona shi ne ƙasa ta yi musu kaɗan. Maza sun yi yawa a gidan, da aka raba gona bayan rasuwar ubansu, rabonsa bai fi wurin shanyar barkono ba. Ga shi kuma ya ga yarinya, Magdalina, 'yar ƙungiyar mawaƙan coci, gajeriya mai kaifin baki wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. A shekarar ne wani ɗan kawunsa ya zo hutun Kirsimeti cikin kaki, takalminsa na ƙyalli, ya yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano. Haggai ya dubi kwanon, ya dubi gonarsa. Bayan girbi ya tafi Zariya ya shiga cikin kurata.

Ya gama horo, aka yi aure, aka ba shi ɗaki a bariki a Legas. Ba su gama sabawa da garin ba aka ce bataliyarsu za ta tafi Laberiya tare da sojojin ECOMOG, aikin raba faɗa. Daga Apapa suka shiga jirgin ruwa. Haggai ya yi ta amai a hanya har ya ce shi dai a mai da shi gida ko da a ƙafa ne. Da suka sauka Monrovia kuwa sai suka tarar babu wanda ke son a raba shi. Bai cika ba da labarin abin da ya gani a can ba. In an matsa masa, abin da yake faɗa shi ne gonakin shinkafa da rogo da masu su suka gudu suka bari, ciyawa ta haɗiye su, ga ƙasa baƙa mai maiƙo, ga ruwa ko'ina. Yakan ce in suna sintiri suka ratsa irin wannan gona sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayi.

Wajen ƙarshen daminar 1992 'yan tawaye suka yi wa birnin zobe. An ajiye su Haggai a bakin wata fadama su tsare hanya. Ranar da abin ya same shi da tsakar rana ne, ba a ma harbi. Ya tafi ɗebo ruwa da jarka biyu, yana dawowa ya ji wani fito a sama. Ya ce shi bai ji ƙarar ba sam. Kawai ganin kansa ya yi kwance cikin laka, jarka ɗaya na tsiyaya kusa da kunnensa, yana mamakin abin da ya sa wandonsa ya yi ɗumi. Harsashin igwa ne ya faɗo kusa da shi, ɓaraguzan ƙarfe suka shige masa cinyar hagu da gwiwa. Wani abokinsa, Sabiru, Bakatsine, ya ja shi ta wuyan riga zuwa cikin rami, ya ɗaure cinyar tamau da bel ɗinsa, yana marin sa yana zagin sa don kada ya rufe ido.

A jirgin sama aka dawo da shi Legas, asibitin soja. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani saje mai barkwanci, shi ma a ƙafa ya ji rauni, kullum yana sa ɗakin dariya. Wata safiya aka tura sajen ɗakin tiyata yana tsokanar nas-nas. Da aka dawo da shi, bargon ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ya farka sai ya ce a sosa masa tafin ƙafa, yana masa ƙaiƙayi. Haggai ya juya fuskarsa bango. Tun daga ranar, in ya ji ƙarar gadon turawa a baranda sai ya runtse ido har ya wuce.

Shi ba a yanke tasa ba. Likitoci suka cire abin da za su iya cirewa, suka ce guntu ɗaya ya maƙale can ciki, kusa da ƙashi da babbar jijiyar jini, taɓa shi ya fi barin sa hatsari. Babban likitan ya ce masa, "Kofur, tafi da shi. In bai dame ka ba, kada ka dame shi." Aka sallame shi daga asibiti, daga baya aka sallame shi daga soja, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa da sanda a hannu.

Ya koma ƙauye da niyyar ci gaba daga inda ya tsaya. 'Yan'uwansa suka karɓe shi hannu bibbiyu, har suka ƙara masa gona. Da ruwa ya sauka ya saɓa garma ya fita. Amma huɗa aikin ƙafa biyu ne, ka kafa ɗaya ka ja da ɗaya. Bai yi rabin kunya ba ya kife cikin kwari, bakinsa cike da ƙasa. Ƙannensa suka sheƙo suka ɗaga shi. Babu wanda ya yi dariya, shi kuwa da sun yi dariyar da ya fi masa sauƙi. Suka ce ya huta, su za su nome masa. Haka ya ƙare daminar a gindin ɗorawa tare da tsofaffin mata, yana ɓarar gyaɗa, yana jiyo kiɗan gayya daga nesa.

Wata rana Magdalina ta dawo daga rafi ta same shi ya zuba wa ƙasa ido, kwandon gyaɗa a gabansa bai taɓa ba. Ta sauke tulu, ta tsaya a kansa.

"Maigida, tashi mu koma Ikko," in ji ta. "A nan tausayi zai kashe ka kafin ƙarfen ya kashe ka."

Suka kama ɗaki ɗaya a Agege, a irin gidan hayar nan da ƙofofi ke kallon juna. Haggai ya sami gadi a wata masana'antar robobi a Isolo. Aikin zama ne: buɗe ƙofa, rufe ƙofa, sara wa oga. Magdalina ta kafa kasko a bakin tasha tana tuyar ƙosai da doya. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Victoria, wadda ta tashi da Yarabanci da Turancin titi a baki, Hausarta kuma sai ta haɗa da su kafin ta kai ƙarshen magana. Shekaru suka yi ta tafiya haka. Abin da kawai ke sa fuskar Haggai ta saki shi ne 'yan fasassun bokitai da ya jera a bayan ɗaki kusa da makewayi, ya shuka barkono da tumatir a ciki.

A gidan akwai wani maƙwabci, Malam Mu'az, mahauci a mayankar Oko-Oba. Haifaffen Agege ne, fataucin goro ya kawo kakansa daga Kano. Gajere mai tumbi, mai surutu, in yana Yarabanci ba ka cewa Bahaushe ne. Ya saba tsinkar barkonon Haggai ba tare da tambaya ba, sa'an nan da yamma ya aiko da hanta a takarda. Lokacin da masana'antar ta rufe, Haggai ya koma zaman gida, Malam Mu'az ya same shi yana yi wa bokitansa ban-ruwa da kofi.

"Kofur, wannan hannun naka ba na riƙon ƙofa ba ne. Dubi barkono a bokiti kamar a fadama. Me ya hana ka lambu?"

"Ina ƙasar? A Ikko ko wurin tofar da yawu da mai shi."

"Ɗauko sandarka mu je."

Ya kai shi ƙarƙashin manyan wayoyin nan, inda aka hana gini. Wani dogon fili ne a gefen magudanar ruwa, mutanen Sakkwato da na Maraɗi sun yanka shi sun yi lambuna. Malam Mu'az ya yi ta zuba wa shugabansu magana har mutumin ya gaji, ya nuna can ƙarshe, wurin da kowa ya ƙi, ya ce in zai iya ya ɗauka. Bola ce tsagwaronta: kwalabe, ledoji, tsofaffin tayoyi. Haggai ya tsuguna da ƙyar, ya tona da yatsa, ya ɗebo ƙasar da ke ƙasa ya murza, ya sansana. Ya ce zai iya.

A zaune ya share wurin. Ya sa kafinta ya yi masa 'yar kujera, ya sa maƙeri ya rage wa fartanya ƙota. Ya tsara kowane fangali siriri, yadda in ya zauna a gefe hannunsa zai kai ɗaya gefen. In ya gama nan sai ya ja kujerar gaba. Masu lambun suka yi ta kallon sa a kaikaice, wasu suna cewa ba zai kai wata guda ba. Malam Mu'az ya riƙa turo masa taki daga kara, kasuwar shanu, a baro. Kafin shekara ta zagayo, matan kasuwa sun fara wuce lambunan gaba su zo nasa, saboda latas ɗinsa da albasa mai ganye da alayyafo, da ganyen miya irin su ewedu da ugu da ya koyi shukawa don mutanen gari. Da lambun nan da kaskon Magdalina aka yi wa Victoria makaranta, ta koyi ɗinki, ta yi aure, ta buɗe shago a Isolo. Ƙarfen kuwa yana nan. In sanyin damina ya shigo yakan soke shi kamar allura, kuma tun dawowarsa daga Laberiya bai taɓa iya kwanciya ta gefen hagu ba. Ya saba da shi kamar yadda ake sabawa da mugun maƙwabci.

Bara, da farkon ruwa, ya ji ciwon ya sauya. Cinyar ta yi zafi, ta kumbura, wani wuri ya taso ya yi tauri a ƙasan tsohon tabon. Ya gasa da ruwan zafi, ya shafa man zafi, bai gaya wa kowa ba. Magdalina na fita tun da asuba, ba ta dawowa sai yamma, shi kuma ya ce zafi ya yi yawa a gado, ya koma kwana a tabarma. Da wurin ya fashe ya fara ruwa, sai ya riƙa ɗaure shi da tsumma, yana canzawa a 'yar bukkar lambu. Zazzaɓi ya shiga. Ya rame, ya daina cin abinci, ya ce sauro ne.

Wata hantsi Malam Mu'az ya biyo mai baron taki, ya tarar da shi zaune cikin rana yana gumi yana rawar ɗari, latas duk ya langaɓe babu ruwa.

"Kofur, lafiya? Rana ta yi, ba ka ba su ruwa ba."

"Zazzaɓi ne. Na sha magani."

Malam Mu'az ya sallami mai baro, ya matso. Ya ga wandon ya jiƙe a cinya, ƙudaje na bi.

"Ɗaga in gani."

"Babu abin gani."

"Kofur, ni da kai ba yau muka fara ba. Ɗaga."

Haggai ya naɗe wandon a hankali, ya kwance tsumman. Malam Mu'az ya yi salati, ya dafe kai.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon ruwa."

"Maman Victoria ta sani?"

"Ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba." Ya kama hannun abokinsa. "Malam Mu'az, ka rufa mini asiri. In na shiga asibiti yanke ta za su yi. Na gani da idona yadda ake yi. Gara in mutu da ƙafata biyu, a binne ni cikakke. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba."

Malam Mu'az ya zare hannunsa.

"Ba zan yi ba. Daga nan ma wurinta na nufa. Ka yi fushi da ni shekara guda, na yarda, in dai kana da ran yin fushin."

Haggai ya yi ta kiran sa, bai waiwayo ba.

Ba a daɗe ba keke napep ya tsaya a bakin hanya, Magdalina ta fito, hannunta duk ƙullun ƙosai, ta bar wa maƙwabciyarta kasko a kan wuta. Haggai ya shirya jin faɗa, domin ya san bakinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a gabansa cikin ƙasa, ta dubi ciwon, ta daɗe tana duba. Sa'an nan ta kira shi da sunan da ba ta kira ba tun suna saurayi da budurwa.

"Haggai. Na bi ka bariki, na bi ka asibiti, na bi ka ƙauye, na dawo da kai nan. Na taɓa ce maka ƙafarka na aura? In sun yanke, ni zan riƙa turo ka har lambun nan, ka zauna ka yi nomanka kamar yadda ka saba. Amma ka ɓuya ka ruɓe kamar wanda ba shi da kowa, wannan ban yarda ba. Tashi."

Ita da mai keken suka ɗaga shi.

Victoria ta same su a hanya, da tsohon cikinta, tana kuka tana faɗa a lokaci guda. "Dadi, haba! Sai ka ce ba ka haifa ba? Ko a waya sef ba ka iya gaya mini?" Ita ta shige gaba a babban asibitin da suka je, ta yi ta kai da kawowa har aka ba shi gado, aka ɗauki hoton ƙafar, aka sa masa ruwa.

Likitar da ta zo duba shi matashiya ce, Bayarabiya, amma a Kaduna ta girma. Da ta ga sunansa sai ta gaishe shi da Hausa, ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa.

"Baba, ƙarfen ya yi tafiya. Ya baro inda aka bar shi, ya matso waje, shi ne ya tara mugunya. Ta wani gefen wannan sauƙi ne a gare mu, domin ya yi nesa da jijiyar da aka ji tsoro a da. Abin da ban sani ba shi ne ko ruɓar ta kama ƙashi. Hoton bai nuna mini sosai ba. Sai na buɗe."

"In ta kama fa?"

"In ta kama sosai, zan rufe, in jira ka farka, in gaya maka da bakina, mu yi shawara. Ba za ka farka ka tarar an yi abin da ba ka sani ba."

Haggai ya dube ta. Ba ta kai Victoria shekaru ba a ganinsa.

"'Yata, haka ake faɗa."

"Haka zan yi, Baba."

Ya juya ya dubi Magdalina, ita kuma ta tsare shi da ido. Ya ce to.

Sai aka ce jininsa ya yi ƙasa, dole a tanadi jini kafin a shiga. Victoria ga ciki, Magdalina ga shekaru. Malam Mu'az ya miƙa nasa hannun, nas ta dubi furfurarsa ta ce a'a. Ya juya ya fita. Bayan azahar sai ga danfo ta tsaya a ƙofar asibiti, mahauta suka yi ta fitowa, ƙarti majiya ƙarfi, wasu ko takalmin robar aiki ba su cire ba. Kusan a lokacin wasu maza daga cocin su Haggai suka iso, Fasto ya turo su. Suka haɗu a layi ɗaya a baranda, suna gardamar wa zai fara. Nas ɗin ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi wa tsoho ɗaya irin wannan gayya ba.

Washegari da safe aka zo da gadon turawa. Ƙarar tayoyin iri ɗaya ce da wadda ya sani. Haggai ya rufe ido, ya yi addu'a da harshen garinsu, wanda ya daɗe bai yi addu'a da shi ba. Magdalina ta bi gadon tana riƙe da hannunsa har ƙofar da ba a wucewa.

Da ya farka, rana ta karkata. Fanka na juyawa a sama, bakinsa ya bushe. Ya ji ƙafar tana nan, tana masa nauyi, tana zugi. Amma ya tuna sajen nan shi ma ya ji tasa. Ya kafa ido a silin, ya ƙi duban ƙasa.

"Maman Victoria."

"Na'am. Sannu."

"Ki duba mini."

"Duba da kanka mana."

"Ba zan iya ba."

Ya ji ta tashi, ta zagaya ƙarshen gado, ta ɗaga bargo. Sai ya ji an mintsine shi a babban yatsa, mintsini na gaske, da farcen da ya shekara yana ɓarar albasa.

"Wayyo! Ke!"

"To, ƙafar wa na mintsina? Tawa?"

Ya ɗaga kai a hankali. Ga ta nan. An naɗe cinyar da farin bandeji har gwiwa, daga nan zuwa ƙasa kuwa ƙafarsa ce da ya sani, da kaushinta, da baƙin ƙasar lambu a ƙarƙashin farce wanda duk wankin nas-nas bai fitar ba. Ya motsa yatsun, suka motsa. Ya ƙara motsawa. Ya fara dariya, dariyar ta koma wani abu dabam, ya ja bargo ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na girgiza. Magdalina ta zauna a bakin gado ta bar shi ya yi, tana share nata idon da gefen zane, tana cewa, "Mun gode maka, Yesu. Mun gode."

Da yamma likitar ta shigo. Ta ce ruɓar ta tsaya dab da ƙashi, ba ta kama shi ba, amma da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ta zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ta miƙa masa. A ciki akwai wani baƙin abu, bai fi ƙwayar wake ba. Haggai ya jujjuya kwalbar, ya kai ta kusa da ido.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Wannan ɗan abin?" Har ransa ya ɗan ɓaci. Shi a zatonsa zai ga abu kamar bakin gatari. Victoria ta karɓa ta ɗauki hotonsa da waya, ta ce za ta ajiye wa jikansa. Haggai ya ce hoton ya isa, shi kuwa a jefa shi a shara, ya ci abincinsa ya isa haka.

Malam Mu'az ya leƙo ta ƙofa da ledar lemo, yana rarraba ido.

"In shigo, ko fushin shekarar ya fara?"

"Shigo. Na yafe maka rabi."

"Ai dole ka yafe duka. An ce jinin yaranmu aka sa maka. Yanzu kai ma mahauci ne, Kofur. Gobe in ka ga sa ya wuce sai ka ji hannunka na neman wuƙa."

Haggai ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi, nas ta zo ta kori Malam Mu'az.

Ya yi makonni a gida yana jinya. Masu lambu suka raba ban-ruwan wurinsa a tsakaninsu, ko da yake da ya koma ya yi ta mita wai sun cika wa albasa ruwa. Gwiwar ba ta gyaru ba, likitar ma ta gaya masa ba za ta gyaru ba, har yau yana jan ƙafar. Amma sukar nan ta tafi. Wata safiya Magdalina ta tashi ta gan shi kwance ta gefen hagu, ya saki baki yana barci kamar jariri. Ta tsaya ta kalle shi, ta fita a hankali ba ta tashe shi ba, ranar sai da rana ta fito sosai ya je lambu. Victoria ta haihu a cikin watan, namiji, aka kawo masa shi ya ɗora a cinyar da aka yi wa aiki.

Ranar bikin godiyar girbi a coci, kowa ya zo da abin da Allah ya ba shi: masu shago da buhun shinkafa, masu gadi da katan ɗin sabulu, wani ma da akuya. Haggai ya zo da babban kwando shaƙe da latas da alayyafo da ya yanko da safen. Zumuntar mata suka tashi da kiɗa, tulu da ganga da caki, Magdalina na cikinsu da zanen ƙungiya. Da aka kira layinsu ya miƙa wa mai tsaron ƙofa sandarsa, ya ɗora kwandon a ka, ya shiga tsakiya. Maimakon ya wuce ya ajiye kamar kowa, sai ya tsaya, ya ranƙwafa, ya fara taka rawar garinsu, ƙafar dama na dukan ƙasa, ta hagu na biye da ita yadda ta iya. Coci ya kaure da guɗa. Magdalina ta daina waƙa.

"Baban Victoria! Ɗinkin!"

Ko dai bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Sai da ya kai gaban bagade ya dawo, ya sake komawa, ganyen latas na zubowa a bayansa yara na tsinta.

Da suka koma gida ya zauna a bakin gado, ya saki wani dogon nishi, ya kama ƙafa. Magdalina ta yar da jakarta ta taho a guje.

"Na faɗa maka! Cinyar ce? Ta buɗe?"

"A'a," in ji shi. "Ta dama ce. Ƙugun ma ya riƙe."

Ta tsaya ta dube shi, ta ja tsaki, ta ɗauki tukunya ta fita ɗora ruwan zafi, tana ta faɗa a tsakar gida wai tsoho da jika ya je yana tsalle a gaban Fasto. Haggai ya miƙe ƙafafunsa a kan tabarma, ya ɗaga murya ya tambaye ta ko akwai sauran shinkafar jiya.